Yadda Muka Kai Garmar Kawu Ilu Ƙasar Gwaram

Tun da na dawo daga Jigawa 'yan majalisarmu ta bakin shago suka hana ni sakat. Wannan ya tambaye ni ko na ga kura, wancan ya ce an gaya masa kawuna yana haɗiye allura ya fito da ita ta hanci, wani kuma shi tsarabarsa kawai yake bi. Kullum sai in ce musu lafiya lau aka je aka dawo, in sunkuyar da kai kan keken ɗinkina. Gaskiyar magana tafiyar ba ta yi mini daɗi ba, labari marar daɗi kuwa ba ya faɗuwa a tsakiyar mutanen da ke gardamar ƙwallo. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta ya huta da tambaya, ni ma in huta.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Kangire, kusa da Birnin Kudu. Allura dai bai taɓa haɗiyewa ba. Ɗan hoto ne a zamaninsa, wato irin manoman nan da ke cilla ƙatuwar garma sama ana yi musu kiɗa, in ta juyo su tare ta da ƙirji ko dantse ko gadon baya. Yana cikin 'yan wasan Birnin Kudu, ayarin da wani Sarkin Wasa Barau ya haɗa tun ba a haife ni ba. Da an gama girbi sai su ɗaure kaya su bi kasuwanni, daga Birnin Kudu su yi Gwaram, har su leƙa ƙasar Bauchi. Akwai gardi mai kura, akwai mai biri, akwai ɗan dabo, sai 'yan hoto biyu, Kawu da abokinsa Sale. Mai yi musu kiɗa shi ne Dauda, wan Sale uwa ɗaya uba ɗaya.

Suna da wata al'ada a ayarin nan. Kowane ɗan wasa yana da takensa, kiɗan da Dauda ya ƙaga masa shi kaɗai, wanda da ya ji shi jikinsa zai tsumu ya faɗa fage. Ranar da mutum zai bar wasa kuma, sai makaɗi ya buga masa taken karo na ƙarshe, shi kuma ya ajiye kayan wasansa a gaban ganga, makaɗi ya ce ya sallame shi. Sun yarda cewa wanda ba a yi wa haka ba, tsumar ba ta barin jikinsa har kabari. Kawu kuwa ba a taɓa sallamarsa ba, domin ayarin bai watse da shiri ba. Wata ranar kasuwar Gwaram garma ta sauka a wuyan Sale ya mutu nan take, Dauda ya rataya gangarsa ya bi wata hanya, bai sake komawa Birnin Kudu ba.

Matar Kawu, Inna Hajara, ita ta kira ni a waya ƙarshen daminar nan, ta ce abin ya yi tsanani. Mata suna lugude a maƙwabta, tsoho ya zabura daga kan tabarma jiki na ɓari, ya yi 'yan takunsa ya kife, har goshinsa ya fashe. A asibiti an ce hawan jini ne, an ba shi ƙwayoyi, yana kuma sha ba fashi. Amma ya kafe a kan sai an kai shi wurin Dauda. 'Ya'yansa maza sun ce su ba za su raka dattijo mai furfura wurin makaɗi ba, mutane su ce me. Ni da nake ɗan ƙanwa, mai sana'ar da ake iya rufe wa ƙofa a tafi, sai aka tuna da ni.

Na same shi ya rame ƙwarai, kafaɗun nan da nake jin tsoro ina yaro duk sun zube. Bayan mun gaisa na fara yi masa irin wa'azin da na haddace a mota, cewa ya bar wa Allah, ya riƙe maganinsa. Ya bar ni na gama tsaf.

"Habu, ba wasan nake marmari ba," in ji shi. "So nake in je gaban Ubangijina ina manomi, jikina a kwance. Ka kai ni Dauda ya sallame ni."

Sai wa'azin nawa ya ƙare. Aka zaro garmar daga bayan rumbu, an naɗe ta cikin tsohon buhu. Na sa hannu ɗaya zan ɗauka irin ta 'yan birni, ta ce ba ta san zancen ba, sai da na haɗa da na biyu har da nishi. An ɗaure mata layu a ƙota, da wasu zobban ƙarfe masu kacau-kacau in an motsa ta.

Matsalar farko, ba wanda ya san inda Dauda yake. Don haka muka fara da Birnin Kudu, wurin Tanko ɗan dabo, wanda Kawu ya ce shi kaɗai ya rage a garin daga cikin ayarinsu. A hanya Kawu ya ja ni mu ga filin da suke wasa a gefen kasuwa. Fili dai babu shi. Shaguna ne jere, da rumfar masu cajin waya, da gidan kallon ƙwallo. Ya tsaya yana nuna mini da sanda, nan ake ɗaure kura, nan Dauda yake tsayawa, can mata suke taruwa. Inda ya ce ana ɗaure kurar wani mai faci ne ya baje tayoyinsa, har ya ɗago kai ya tambaye mu ko Baba ya yar da wani abu ne yake nema.

Tanko muka same shi a gindin wata katanga da ɗan tebur na goro da alewa, ido ɗaya ya tafi, hannu na rawa. Da ya gane Kawu sai suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Daga bakinsa na ji yadda kowa ya ƙare. Barau ya rasu ba da daɗewa ba bayan Sale. Mai biri ya tafi Kudu da birinsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Audu gardi ya ci gaba da yawo da kurarsa shi kaɗai har ciwo ya kwantar da shi, da ya mutu aka rasa mai iya ciyar da ita, maharba suka kashe ta suka raba fatar don magani. Shi Tanko ya ɗan ja, amma malamai suka yi ta wa'azi a kan rufa-ido, sannan bidiyo ta zo, sannan waya, yara suka daina tsayawa. Ya faɗi duk wannan ba ɗaci a muryarsa, abin da ya fi damuna ke nan.

Da za mu tashi ya ce in matso, zai ciro mini goro daga cikin hulata. Ya miƙo hannu yana 'yan surkullensa, kafin ya kai ga hular goron ya suɓuto daga hannun rigarsa ya faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauko masa, mu duka uku muka yi kamar ba mu gani ba. Ya ce mu je Tsohuwar Gwaram mu nemi Tabawa, matar marigayi Audu gardi, in dai Dauda yana raye ita za ta sani.

A tasha rigima ta tashi a kan garma. Ɗan kamasho ya ce a jefa ta but tare da buhunan masara da wata akuya, Kawu ya ce garmar wasa ba ta kwana ƙarƙashin kaya, ba a kuma tsallake ta. Aka yi ta ja-in-ja, direba na danna ham, daga ƙarshe aka ɗora mana ita a cinya, mu huɗu a kujerar baya. Wata mata da ke gefena ta yi ta mita cewa ita ba ta shigo mota don ta yi dakon ƙarfe ba, kuma ban ga laifinta ba, don duk ramin da muka faɗa sai ƙotar ta daki gwiwarta. Ramuka kuwa ba a magana. A wani wuri ruwan damina ya cinye gefen titi, aka ratse ta cikin gona, motar ta kafe a taɓo, aka ce maza su fito su tura. Takalmin da na saya don Sallah can na baro ƙafa ɗaya.

Kafin mu shiga Gwaram muka tarar da shingen bincike. Wani matashin jami'i ya leƙo, ya ga buhu mai kacau-kacau a cinyarmu, ya ce a buɗe. Da ya ga garma da layu sai ya kira babbansu, wani mai furfura a gemu. Shi kuwa yana gani fuskarsa ta washe. Ya ce yana yaro ubansa ya taɓa ɗora shi a wuya ya kalli 'yan hoto a kasuwar Gwaram, har yau bai ga abin da ya kai shi ba. Ya roƙi Kawu ya fito ya cilla musu ita sau ɗaya, ko yaran nan nasa sa gani. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, murna ce kawai. Kawu ya ce masa shi kam ya tsufa, ya mayar da kai ga taga.

Gidan Tabawa bai yi wuyar samu ba, kowa ya san gidan mai kura ko da yake kurar ta daɗe da zama tarihi. Tsohuwa ce doguwa mai murya kamar ta namiji. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Mu a Kano muna gaisawa ne ƙafa na tafiya, a can kuwa sai an durƙusa, a tambayi gida, a tambayi gona, a tambayi gajiya, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Na biyu, ba ta tambaye mu abin da ya kawo mu ba. Ni ina ta ƙaiƙayin in faɗa, Kawu ya taka mini ƙafa, ashe a wurinsu ba a tambayar baƙo buƙatarsa sai ya ci ya sha. Aka kawo fura da nono na gaske, mai tsami da gardi, wanda ya sa na gane abin da ake dama mana da inji a birni sunansa kawai fura. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Daddawar ta yi mini yawa, amma na cinye tas.

A zauren da aka sauke mu na ga takunkumin kurar rataye a bango, fatar ta bushe ta tsattsage. Sarƙar kuwa tana aiki, da ita ake ɗaure tunkiya a tsakar gida. Muna zaune a nan Tabawa ta ba ni labarin ranar da Sale ya mutu, don ta lura Kawu bai taɓa gaya mini ba. Ta ce ƙa'idar 'yan hoto ita ce a juya wa rana baya in za a cilla garma, don mutum ya ga saukowarta. Ran nan jama'a ta yi yawa, aka yi ta turo da'irar tana juyawa, har Sale ya koma yana fuskantar ranar la'asar. Ɗan wasa kuma ba ya iya tsayawa muddin ana buga takensa, makaɗi ne ke da ikon tsayar da shi. Dauda ya gani, ya so ya yanke kiɗan, amma fage ya ɗauki zafi, ya ce bari a yi wannan ɗaya tukuna. Kawu yana jin ta, yana ta murza carbi.

Ta ce Dauda yana nan da rai, a wani ƙauye hayin kogi, bakin iyakar Bauchi, wurin ɗansa Malam Musa. Amma idonsa ya rufe, hankalinsa kuma yana zuwa yana tafiya. Ta dubi Kawu ta ce da ita ce da ta haƙura. Ya ce ya ji, ya gode. Kwanan zauren nan ba zan ce komai a kansa ba, illa dai sauron Gwaram ya san baƙo.

Da safe muka hau babura biyu, ni da garma a kan ɗaya. Muka bi ta cikin gonakin dawa har bakin kogi, mai fito ya tsallakar da mu a kwale-kwale mai yoyo, ina ta kwarfe ruwa da ƙoƙo ina karanto duk addu'ar da na sani. A hayin, wani manomi da ya nuna mana hanya ya miƙa hannu ga wata tsamiya ya ce daga can Bauchi ce. Na yi ta dube-dube ko zan ga allo ko shinge, babu komai, dawar wannan gefe ita ce ta wancan gefe.

Malam Musa shi ne limamin ɗan masallacin ƙauyen, mutum mai natsuwa da ladabi. Ya karɓe mu hannu biyu, amma da ya ji abin da ke tafe da mu sai fuskarsa ta canja. Ya ce tun yana ƙarami ganga ba ta sake shiga gidansu ba, kuma a ganinsa istigfari ya ishi Baba Ilu, ba wani kiɗa da ke ɗaure bawa ko ya kwance shi. Kawu ya ce duk ya yarda, istigfarin ma yana yi dare da rana, amma a taimaka masa da wannan ɗaya. Malam Musa ya ce shi ba zai kawo ganga da hannunsa ba, ba kuma zai hana ba, ya ɗauki lauje ya ce zai leƙa gona. Wani maƙwabcinsu mai yi wa 'yan gayya kiɗa ya ara mana gangar noma.

Dauda yana zaune a ƙarƙashin rumfar kara, ɗan tsoho ƙanƙane, ƙashi da fata. Kawu ya durƙusa a gabansa ya ce Ilu ne, Ilu na Kangire. Ya amsa da madalla, madalla, ya mutanen gida, irin amsar da zai ba kowa. Ya tambaya ko dawa ta nuna. Aka ce saura kaɗan. Jim kaɗan ya sake tambaya ko dawa ta nuna. Na ce a raina mun sha wahalar banza.

Kawu ya karɓi gangar ya ɗora masa a cinya, ya ce ya zo a sallame shi ne. Dauda ya janye hannuwansa kamar ya taɓa wuta. Sannan a hankali ya dawo da su, ya shafa fatar, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja, ya miƙa hannu a ba shi gula, sandar kiɗa. Ni ba ma'abocin kiɗan gargajiya ba ne, kun san ni, amma da ya fara tsigar jikina ta tashi. Hannun nan da ba ya iya riƙe ƙoƙon ruwa sai ga shi yana sauka daram, ba kuskure. Mata suka fara leƙowa ta saman danga.

Kawu ya yi tsaye cak na ɗan lokaci, na ga launin fuskarsa ya sauya. Sai ya cire hula ya miƙo mini, ya sunkuya ya ɗauki garmar da hannu ɗaya, wadda ni sai da biyu, ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa. Na zaci cilla ta zai yi. Ya taka a hankali yana bin kiɗan, zobban suna amsawa, ya kewaya rumfar, ya dawo ya durƙusa ya kwantar da ita a gaban ganga. Dauda ya kai kiɗan ƙarshe ya tsaya, hawaye na bin kumatunsa.

"Na sallame ka," in ji shi. "Je ka huta, ka daɗe a tsaye."

Wata mata ta rangaɗa guɗa a bayan danga. Ni kam daɗi ya cika ni, na manta da takalmina, na manta da sauro, na yi ta hamdala a fili. Garmar muka bar ta a nan gaban Dauda, don abin da aka ajiye ba a sake ɗaukarsa. Muna sallama ya sake tambaya ko dawa ta nuna.

A bakin kogi muna jiran mai fito na ce wa Kawu barka, an sauke nauyi. Ya tsuguna ya ɗebi ruwa ya wanke fuska, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ba takena ba ne, Habu," ya ce. "Na Sale ne."

Ya ce tun bugun farko ya gane. A al'adarsu ba a sake buga taken mamaci, tare da shi ake binne shi, rabonsa da jin wannan kiɗan tun ranar kasuwar nan. Na tambaye shi don me bai yi magana ba.

"In ce masa me? Shekara da shekaru mutumin nan yana tsakiyar kiɗan nan bai kai ƙarshensa ba, yau ya kai. Sale ma ba a sallame shi ba. Na ajiye masa."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mu koma yanzu, ya yi wa Dauda nasa taken da baki, ai in ya ji zai tuna. Ya ce ɗan wasa da jiki yake sanin takensa, ba a taɓa koya masa shi a baki ba, amma bari ya gwada. Ya buɗe baki, ya ɗan bubbuga gwiwarsa da yatsu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ya girgiza kai. Ya ce mutum ɗaya ne a duniya ya san shi, shi ma ya ɓace masa, garma kuma an riga an ajiye. Mai fito ya iso, muka shiga. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa a cikin kwale-kwalen nan ba, yana zaune hannuwansa biyu a kan cinya ba abin riƙewa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗi a kanta, ko motar ta kafe ko ba ta kafe ba ban lura ba. Sai da muka hango rumbunan Kangire ya taɓa ni ya ce Hajara ta sha wahala da shi, kada in ƙara mata wata.

Tana zaure tana jiranmu, da alama tun safe take leƙe. Ta dubi hannunmu ta ga ba garma, ta dafe ƙirji tana tambaya ko an dace. Kawu ya wuce ta ya shiga ciki yana cewa a ba shi ruwan alwala. Sai ta juyo gare ni, idonta cike da ƙwalla, tana jira.

Na ce mata an dace, Inna. Har yau haka ta sani, kuma ina roƙonku don Allah ku bar ta a haka.